A Cire Kafin a Tura

Duk wadda ta gama karanta wannan ta ji bakinta na ƙaiƙayin zagina, ta zaga, ba zan goge sharhin kowa ba. Yau kwana shida ke nan ina zagin kaina, kuma na fi ku sanin inda zan taɓa ya yi zafi. Roƙona ɗaya ne, ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Ga waɗanda yau ne suka fara leƙo mu: ni ce ƙarama a gidanmu, Auta kowa ke kirana, har maƙwabta. A wurin aiki kuwa sunana 'Yar Sauri. Oga ne ya laƙaba min tun satina na farko, wai ina buga kwamfuta kamar wadda aka biyo da gudu. Mu biyar ne a ɗan kamfanin, a hawa na biyu, saman wani shagon labule, muna rubuta manhajar da kantunan magani ke aiki da ita. Teburina yana jikin taga. Wanda ke fuskantar nawa kuma na Tabarau ne.

Tabarau shi ke fita wurin masu kantuna ya saka musu manhaja, ya koya wa ma'aikatansu yadda ake sarrafa ta. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya cire gilashin nan ya goge da gefen rigarsa, ya mayar, sannan ya duba agogo. Da farko haushi yake ba ni, wallahi. Ranar da haushin ya rikiɗe ya koma wani abu, ni ma ban san ta ba. Abin da na sani shi ne wata biyu da suka wuce ya ce yana sona, kuma an tsayar yau Asabar, ƙarfe huɗu na yamma, zai zo ya zauna da Baba. A ofis babu wanda ya san da zancen.

A gida kuwa har kyanwa ta sani. Mama ta yi shekara uku tana min waƙar "sa'o'inki duk suna goyo, ke kina goyon jakar kwamfuta". Tun ranar da na faɗa mata, gidanmu bai sake zama lafiya ba. An sauke labulen falo an wanke, an kwance fankar sama an goge, kofunan gilashin nan masu bakin zinare da ko Baba ba a ba shi ruwa a ciki sun fito daga kwali. Ta kira 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Injiniya ne fa, ga natsuwa, ba irin ta wajenmu ba."

Ku yi haƙuri in ɗan shigar da ku aikinmu, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na aikata ba. Manhajarmu ba dunƙule ɗaya ba ce. Akwai uwa, sai sassa da ake jona mata, kamar soket ɗin nan mai baki da yawa: sashen sayarwa, sashen kaya, sashen rasit. Waɗannan ukun da su take zuwa, kowane kanti yana da su. In wani mai kanti na son ƙari, sai mu rubuta masa sashe nasa na musamman, Tabarau ya je ya saka da hannu. Ita kuma uwar tana da wata folda da muke kira ma'ajiya, a nan take rubuta wa kanta tuni: an saka min kaza, kaza a kunne yake, kaza a kashe. Ko an ɗauke wuta, da kwamfutar ta sake tashi sai ta buɗe ma'ajiyar ta mayar da kowane sashe mazauninsa, kamar ba a yi komai ba.

To akwai wani layi guda a fayil ɗin saiti. In ka kunna shi, kana ce wa uwar ne, duk lokacin da kika tashi, share ma'ajiya tas ki fara daga farko. Mu masu rubutu mukan kunna shi lokacin gwaji, don kada tsohon tarkace ya ruɗa mu. Amma ko da wasa ba ya fita daga ofis a kunne. Fayil ɗin nan a hannuna yake. Ni kaɗai ke taɓa shi, ni ke naɗe shi a cikin sabuntawar da muke tura wa kantuna ta intanet duk ranar Laraba.

Wata Laraba, wata biyu baya, ina tsakiyar gwaji, na kunna layin, har na rubuta wa kaina a gefensa: a cire kafin a tura. Sai wayata ta yi ƙara. Saƙon Tabarau ne, alhali yana zaune a gabana, kansa a sunkuye kamar ba shi ba.

"In an tashi ki jira ni a ƙasa, wajen mai labule. Akwai magana."

Mata, kun san yadda abin yake. Na karanta ya fi sau goma. Na tashi na shiga banɗaki na gyara jan-baki, na kwance ɗankwali na sake ɗaurawa, na dawo teburina. Na naɗe sabuntawar, na danna tura, na suri jaka na sauka. A ranar ya ce yana sona, a tsaye tsakanin labule mai ruwan toka da mai ruwan goro, bayan ya goge gilashinsa sau biyu. Layin nan kuwa ya tafi kantunan mutane a kunne, da ɗan rubutuna a gefensa.

Sauran kantuna ba su ji komai ba, tunda sassan nan uku ne kawai da su, kuma su ko an share ma'ajiya suna dawowa da kansu. Hajiya ce ta kwashi kashinta a hannu. Dattijuwa ce mai babban kantin magani, ita ta sa muka rubuta mata sashen da ke fito da jan gargaɗi a allon kwamfuta in magani ya kusa lalacewa. Tabarau ya je ya saka. Bayan sati ɗaya ta kira, wai babu shi. Ya koma ya saka. Ta sake kira. Ya sake komawa. Ashe batirin ajiyar kwamfutarta ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwamfutar ta mutu ta tashi, uwar ta bi umarnina ta share aikinsa. Ma'aikatanta kuma sun riga sun saki jiki, in ba su ga ja ba, lafiya lau ke nan. Satin da ya wuce masu duba magunguna suka shigo, suka tarar da kwalaben maganin tarin yara da wa'adinsu ya wuce a kan kanta. Allah ya taƙaita ba a kai ga sayar da ko ɗaya ba, amma sai da suka rufe mata kanti kwana uku.

Ranar Litinin Oga ya tara mu. Ko zama bai yi ba, mukullin mota na hannunsa yana kaɗawa.

"Sau uku ka ce min ka je ka saka."

"Na je, Oga. Na saka, na gwada a gabanta."

"To aljanu ne ke cirewa? Matar nan ta kira ni tana kuka. Shekara talatin tana sana'a ba a taɓa manna mata takarda a ƙofa ba. Ko dai in ka fita da sunan aiki wani wurin kake zuwa?"

Tabarau ya cire gilashi. Ya ce, "Oga, abin ya yi min kama da ana share ma'ajiya ne in kwamfuta ta tashi. Ko an taɓa fayil ɗin saiti kwanan nan?"

Duka suka juyo kaina. Ni kuma baki ya riga ƙwaƙwalwa, kamar kullum.

"Ban taɓa ba. Rabona da fayil ɗin nan tun bara."

Na rantse muku a lokacin ban tuna ba. Amma ban ce bari in duba ba, wanda minti ɗaya zai ɗauke ni. Shi kuma bawan Allah ko kallon tuhuma bai min ba, sai ma ya ce, "Tunda ta ce ba ta taɓa ba, ba daga nan ba ne. Zan sake tunani."

"Ka je gida ka yi tunanin," in ji Oga. "Ka ajiye katin shiga. Ranar Alhamis zan je da kaina in saka. In ya zauna, ka san sauran. Kuma ko waye ya jawo min wannan abin kunyar, ba zai sake hawa benen nan ba."

Na koma teburina ina jin haushin Oga, ina cewa a raina bari in buɗe fayil ɗin ma in nuna musu ba komai. Na buɗe. Layi na goma sha huɗu. Ga shi nan a kunne, ga rubutuna a gefe, har da alamar motsin rai guda biyu da na saka don kada in manta.

Na ɗago, Tabarau na naɗe wayar cajarsa a hankali, zagaye bayan zagaye, yadda yake yin komai. Ya kalle ni ya ɗan yi murmushi, irin na kada ki damu. Na miƙe, na taka har ƙofar Oga, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Sai na jiyo shi a waya yana ba Hajiya haƙuri, muryarsa kamar zai haɗiye wayar. Na tuna sau biyu yana min kashedi a kan gaggawa. Na tuna fuskar Mama in na shiga gida na ce an kore ni, ana saura kwana biyar baƙo ya zo. Na sauke hannuna na wuce banɗaki, kamar dama can na nufa. Kafin in fito Tabarau ya tafi, ya bar kofin shayinsa a kan tebur.

Na isa gida na tarar da Yaya, babbar yayata, ta zo da ɗinkin da ta kai min: doguwar riga ruwan zuma, an yi mata ɗan aiki a wuya da bakin hannu, da mayafi mai santsi da ya shiga da ita.

"Saka mu gani," in ji Mama. "Ke kuma lafiya kika shigo kamar an aiko ki da saƙon mutuwa?"

"Gajiya ce, Mama."

"Gajiya ko ɗoki? Ai gara ki fara koyon tafiya a hankali, kada ki zo ki kifar wa yaron mutane da tire a jiki."

Suka yi ta dariya. Na tsaya a gaban madubi, Yaya na ja min zif tana cewa na rame, Mama na gyara min kafaɗa. Rigar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba, amma ban iya haɗa ido da wadda ke cikinta ba.

Talata da rana saƙon Tabarau ya shigo.

"Kin ci abinci? Kada ki sa abin nan a ranki. Wanda bai yi ba, bai yi ba."

Na rubuta "Ni ce", na goge. Na rubuta "Akwai abin da zan faɗa maka", na goge. Abin da na tura a ƙarshe shi ne, "Na ci. Allah zai bayyana gaskiya." Ku ji fa. Da hannuna na rubuta haka, har da alamar hannu biyu na addu'a.

A nan ne shaiɗan ya zauna kusa da ni ya yi min lissafi mai daɗi. Ya ce gobe Laraba, ranar tura sabuntawa. Ki kashe layin shiru. Matsalar Hajiya ta ƙare, Oga ya huce, sati ɗaya a dawo da Tabarau, Asabar ta wuce lafiya. Wata rana bayan aure, kuna zaune kuna hira, sai ki ba shi labari ku yi dariya. Har ji na yi kamar taimakonsa zan yi. Laraba da hantsi, sauran suna ƙasa suna sayen shayi, na kashe layin, na goge ɗan rubutuna, na naɗe, na tura. Ko minti biyu ban yi ba.

Ni da ake wa kallon mai kai a ofishin nan, ban tsaya na tambayi kaina abin da zai faru in Oga ya je ranar Alhamis ba.

Ya je. Ya dawo wajen azahar yana taku ɗaiɗai, ya tsaya a tsakiyar ofis.

"Na saka sashen da hannuna. Na zare wayar wutar kwamfutar a gaban Hajiya, na mayar. Yana nan. Na sake zarewa, na mayar. Yana nan daram. To ina aljanun?" Ya juyo ya kalle ni. "Kin gani ko, 'Yar Sauri? Har yana neman ya shafa miki. Mutum shiru-shiru, ashe maƙaryaci ne."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Da na bar layin yadda yake, da na Oga ma ya ɓace a gabansa, da ya san Tabarau gaskiya yake faɗa. Gyaran da na yi a ɓoye shi ya zama shaidar da ta kashe shi. Na zauna ina kallon kofinsa da har yanzu ba wanda ya ɗauke, shayin ciki ya bushe ya yi zobe. Oga na tsaye taku uku daga inda nake. Na bar shi ya shige ofishinsa.

Jiya Juma'a aka aika wa Tabarau takardar sallama. Ya turo min hotonta ba tare da ya ce komai ba. Layi huɗu ce, amma kalma biyu kawai idona ya gani: rashin gaskiya. A sana'armu kowa ya san kowa, Hajiya kuma bakinta ya kai ko'ina. Wane mai kanti ne zai sake barinsa ya taɓa masa kwamfuta?

Na ja Yaya ɗaki na faɗa mata an sallame shi. Ban faɗa mata dalili ba, ita ma rabin gaskiya na ba ta. Ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku. Kada ki bari Mama ta ji. Ke kin san Baba, ba ruwansa da abin hannun mutum, amma tambayarsa ta farko me kake yi, ta biyu me ya raba ka da inda ka baro. Kin manta shekara biyu bai yi wa mijina magana ba don ya ce yana hanya alhali yana gida?"

Ban manta ba. Baba tsohon malamin makaranta ne, in ka fasa masa gilashin mota ka faɗa, zai ce Allah ya kiyaye gaba. In ka fasa cokali ka ɓoye, kun ɓata ke nan.

"Amma tsakani da Allah, Auta, ya aikata?" in ji Yaya.

"Bai aikata ba."

"Kin tabbata? Maza fa sai a hankali."

"Na fi kowa tabbata," na ce mata, na juya fuska bango.

Yau da safe, ina goge kofunan Mama, ya kira. Na fita bayan gida wajen igiyar shanya na ɗauka. Muryarsa ta dushe, da ji bai runtsa ba.

"Auta, zan zo anjima insha Allah. Zan faɗa wa Baba an sallame ni, in nuna masa takardar. Ba zan fara da ɓoye-ɓoye ba."

"Ba sai ka nuna ba," na ce, ina murɗa gefen zanen gadon da aka shanya.

"Sai na nuna. Amma akwai alfarmar da nake nema. Na yi ta juya abin nan. Ni na saka sau uku ya ɓace. Oga ya saka ranar Alhamis ya zauna. Tsakaninmu ba abin da ya shiga kwamfutar nan sai sabuntawar Laraba. Sun rufe min hanyar shiga, ba zan iya dubawa ba. Ki buɗe min tarihin fayil ɗin saiti, ki ga ko wani ya taɓa shi ba da saninki ba."

Na saki zanen gadon, na jingina da bango.

"Ba zarginki nake ba, kada ki ji wani iri. Ke kaɗai ce na yarda da ita a ofishin nan, shi ya sa."

Da zagina ya yi da na fi jin daɗi. Na ce to, zan duba. Ya ce Allah ya yi min albarka, ya kashe.

Duk fayil ɗin da muke aiki da shi yana da tarihi: wa ya taɓa, yaushe, me ya canza. Wannan kam ba ya sharuwa, ko an kashe ko an kunna. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na buɗe kwamfutata a kan gado, kusa da rigar ruwan zuma da Yaya ta goge ta shimfiɗa. Canji biyu ne kacal a cikin shekarar nan. Na farko, wata biyu baya, ƙarfe huɗu da minti hamsin da biyu na yamma: an kunna. Na biyu, Larabar nan, ƙarfe sha ɗaya da kwata: an kashe, an goge rubutun gefe. Dukansu da sunana a jiki.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ko a nan sai da na nemi hanya. In ce masa na duba ba komai, zai yarda. Zai zo ƙarfe huɗu ya zauna a gaban Baba da takardar da ta kira shi maƙaryaci, ni kuma in shigo da tire ina sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Mama ta buga ƙofa tana tambaya ko lemon ya yi sanyi, na ce ya yi. Na zauna ina kallon lokacin nan, huɗu da hamsin da biyu. Minti takwas bayansa ina tsaye wajen mai labule yana ce min tun ranar da na fara aiki yake sona.

Ƙarfe biyu na ɗauki hoton allon. Na tura wa Oga, na tura wa Tabarau, da rubutu iri ɗaya, don kada in sami damar gyara wa kowa nasa.

"Ni na kunna layin share ma'ajiya na manta, shi ke goge sashen Hajiya. Na gani tun Litinin na yi shiru. Ranar Laraba na kashe shi a ɓoye, shi ya sa na Oga ya zauna. Bai taɓa yin ƙarya ba. Ni na yi."

Oga bai ɓata lokaci ba. "Litinin, ƙarfe takwas, ofishina. Ki zo da katinki." Wannan ban ji zafinsa sosai ba, na san na ci.

Na Tabarau nake jira. Alama ta nuna ya karanta. Aka nuna yana rubutu, ya daina. Ya sake farawa, ya daina. Na san yana can ya cire gilashi yana gogewa. Yaya ta shigo ta saka min rigar, ta shafa min hoda, tana faɗan idona ya kumbura, wai kukan farin ciki ma ai da lokacinsa. Wayar na hannuna ban ajiye ba. Huɗu saura minti goma saƙon ya shigo.

"Na farkon na gane, kuskure ne, kowa na yi. Da kin faɗa min ranar Litinin, tare za mu shiga wurin Oga. Na ranar Laraba fa, Auta? Shi mene ne sunansa?"

Na kira, bai ɗauka ba. Ban sake kira ba, don ko ya ɗauka ban san me zan ce ba. Wasunku za su ce ai na faɗi gaskiya daga ƙarshe, ya kamata ya sassauta. Na faɗe ta ne bayan ya roƙe ni in duba, bayan an riga an buga masa takarda. Wannan ba abin a yaba min ba ne.

Yanzu da nake muku rubutun nan biyar ta wuce da kwata. Ina zaune bakin gado cikin rigar ruwan zuma. Ƙanƙarar da ke cikin jug ɗin lemo ta narke. Baba na falo tun huɗu saura, ya saka farar rigarsa ta fita, ya ajiye agogonsa a hannun kujera yadda yake yi in yana jiran baƙo. Kujerar da Mama ta ɗora wa sabon matashi tana nan ba kowa a kai.

Mama ta leƙo sau uku. Na farko ta ce, "Ya taso kuwa?" Na biyu ta ce ko cunkoson hanya ne. Yanzun nan ta sake turo ƙofa, fuskar nan ba annuri, ta rage murya.

"Auta, Babanki ya fara magana fa. Ya ce mutumin da zai ce ƙarfe huɗu ya kai biyar ko waya babu, ba mai alkawari ba ne. Ni ma na fara tunanin ko natsuwar nan tasa ta munafunci ce. Me zan ce masa?"

Na ce mata kada ta ce komai, ni zan zo.

Ta tsaya tana kallona. "Ki zo ki ce me?"

Sau biyu a satin nan ina zaune aka kira shi maƙaryaci a gabana na yi shiru. Ga na uku ana shirin yi a falon gidanmu. Na cire mayafin mai santsi, don sai zamewa yake, na yafa tsohon gyalena. Zan ɗauki kwamfutar yadda take a buɗe, in je in durƙusa a gaban Baba, in nuna masa layi na goma sha huɗu da sunan wadda ke jikinsa.